Likita a Lokacin Annoba: Darasi Daga Yaƙi da Sanƙarau

Karatu: Luka 10:25-37, Ezekiyel 33:1-9

Gabatarwa

Kowace shekara idan aka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama bayan sun bar makaranta, ba a rasa masu cewa likita. Wannan buri ne mai kyau, muna kuma roƙon Ubangiji ya cika musu shi. Amma yawancinmu idan an ce likita, abin da ke zo mana a rai shi ne mutum sanye da farar riga, yana zaune a ofis, marasa lafiya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani sashe na aikin da ba mu cika tunawa da shi ba, wato aikin likita sa'ad da cuta ta faɗa wa gari gaba ɗaya, gadaje suka cika, magani ya kasa, mutane suka firgita.

A wannan darasi za mu ɗauki cuta ɗaya wadda ba baƙuwa ba ce gare mu a Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari, wato sanƙarau. Za mu bi sawun wani likita ɗan Arewa, Farfesa Idris Mohammed, mutumin Gombe, wanda ya shugabanci kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa domin yaƙi da babbar annobar 1996. Daga aikinsa da na abokan aikinsa za mu ga cewa likitan annoba yana ɗauke da kaya biyu. Na ɗaya, ya gaggauta ceton wanda ke kwance a gabansa. Na biyu, ya faɗa wa jama'a da hukuma gaskiya tun da wuri, ko da gaskiyar ba za ta yi musu daɗi ba.

1. Mu Fara Sanin Cutar

Sanƙarau kumburi ne na siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Ƙwayoyin cuta iri-iri suna iya kawo shi, amma wadda ta fi haddasa annoba a ƙasarmu ita ce wadda likitoci ke kira meningokokas. Tana zama a maƙogwaron mutum, sau da yawa ba tare da ta kwantar da shi ba. Mai ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau, ya yi tari ko atishawa, na kusa da shi ya shaƙa. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo yakan ɗauki kwana 2 zuwa 10.

Alamun ciwon su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, da ƙin haske. Wani ya riƙa sambatu, wani ya yi jijjiga, wani ya suma. Jariri kuwa ba lalle ne wuyansa ya sanƙare ba. Sai dai a ga ya ƙi nono, yana kuka ba ƙaƙƙautawa, maɗigarsa ta kumbura. Idan ba a yi magani ba, cutar tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da magani ma, wajen mutum 1 cikin 10 yakan rasu, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu na farko. Cikin waɗanda suka tashi, har 1 cikin 5 na iya saura da tabo, kamar kurumta, ko raunin hannu da ƙafa, ko wahalar ɗaukar karatu.

An rubuta labarin annobar sanƙarau a Arewacin Nijeriya tun 1905. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana yankin Afirka da cutar ta fi yi wa ɓarna. Yankin ya miƙe daga Senegal a yamma har Habasha a gabas, ya ratsa ƙasashe 26, jihar Sakkwato kuwa tana cikinsa tsundum. Cutar takan taso da rani, daga wajen Disamba zuwa Yuni. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sanyin dare ya tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe, sa'an nan zafin bazara ya biyo baya. Da damina ta kankama sai ta lafa. Kakanninmu sun lura da wannan tun kafin a yi musu bayanin ƙwayar cuta.

2. Kaya na Farko: A Bakin Gadon Mara Lafiya

Mun san misalin da Yesu ya bayar na mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, Basamariye ne ya tsaya. Bari mu lura da yadda ya yi aikinsa daki-daki. Ya matsa kusa ya duba, ya yi amfani da abin da ke hannunsa wajen wanke raunuka da ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi inda za a ci gaba da jinyarsa, ya kuma biya kuɗin. Bai tambayi kabilarsa ko addininsa ba. Duk wanda ya taɓa shiga sashen agajin gaggawa na babban asibiti zai ga tsarin nan ne ake bi har yau: a duba, a tsayar da abin da zai yi kisa nan take, a kai gaba.

Sai dai Basamariye mutum ɗaya ya tarar a hanya. Likitan annoba yakan wayi gari ya tarar da ɗari. A nan dole ya tantance. Wanda ya suma ko yake jijjiga shi ne kan gaba, ko da shi ya zo ƙarshe, ko da wanda ya riga shi zuwa ɗan wani babba ne. Akan tsira allura a gadon baya a ɗebi ɗan ruwan laka domin a gane irin ƙwayar cutar, amma ba a jiran sakamako kafin a fara magani, gama kowace sa'a tana da daraja.

A dā maganin da aka dogara da shi shi ne penisilin, wanda sai an yi ta maimaita allurarsa dare da rana har kwanaki. Wannan yana yiwuwa a asibitin da ke da isassun ma'aikatan jinya. A ɗakin shan magani na ƙauye, inda ma'aikaci ɗaya ne, marasa lafiya kuma suna kwance a gindin itatuwa, ba ya yiwuwa. A shekarun 1970 wasu likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka duƙufa a kan wannan matsala. Cikinsu akwai Dokta Brian Greenwood, mutumin Ingila, wanda ya yi wajen shekara goma a Zariya, da Dokta Sadiq Wali, mutumin Kano. A 1979 suka buga sakamakon bincikensu, wanda ya nuna cewa allura ɗaya ta maganin kuloramfenikol da aka haɗa da mai tana iya warkar da mai sanƙarau, domin man yana sa maganin ya daɗe yana aiki a jiki. Wannan allura ta zama babban makami a annobobin Afirka har shekaru masu yawa. Yanzu maganin seftiriyazon ne ya maye gurbinta. Abin da za mu riƙe shi ne, binciken da ya ceci dubban rayuka an yi shi ne a nan Arewa, waɗanda suka yi shi kuma sun fara ne da tambayar abin da ma'aikacin ƙauye zai iya yi da hannu biyu.

3. Kaya na Biyu: Mai Tsaro a Kan Ganuwa

A littafin Ezekiyel sura 33 an yi maganar mai tsaro wanda mutanen gari suka sa ya hango musu abokan gāba. Idan ya hango ya busa ƙaho, wanda ya ji bai kula ba, alhakinsa yana wuyansa. Idan kuwa ya hango ya yi shiru, za a nemi jinin mutanen a hannunsa. Mu da muka san tsofaffin garuruwa masu ganuwa ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan.

Ƙahon likitan kiwon lafiyar jama'a shi ne ƙidaya. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ke tattara rahoto daga asibitoci da ɗakunan shan magani kowane mako, ya aika jiha, jiha ta aika tarayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni. A yanki mai yawan jama'a, idan aka sami mutum 3 cikin 100,000 da ake zaton sanƙarau ne a mako guda, sai a ɗaura ɗamara. Idan suka kai 10, annoba ta shigo. A ƙaramin yanki da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako sun isa a faɗakar, 5 kuwa annoba ce. A wuraren da mutane ke kwana a cunkushe, kamar barikin soja, sansanin 'yan gudun hijira da makarantar kwana irin tamu, mutum 2 da aka tabbatar a mako ɗaya sun isa a yi wa kowa rigakafi. Ashe ma'aikacin da ke cika takardar rahoto a Sifawa ko Danchadi shi ne tsani na farko. Idan ya yi sakaci, na Abuja ba shi da abin da zai gani.

Idris Mohammed yana cikin likitocin sashen cututtukan ciki na Jami'ar Ahmadu Bello a wancan zamani. Ya ga cewa jiran marasa lafiya a bakin gado kaɗai ba zai ƙare ba, gama bana a warkar da ɗari, baɗi ɗari biyu su zo. A ƙarshen shekarun 1970 ya shiga aikin yi wa jama'a masu yawa allurar rigakafin sanƙarau a jihar Bauchi, wadda a lokacin Gombe tana cikinta. Aka bi diddigin abin da ya biyo baya, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1981. Daga baya ya koma Jami'ar Maiduguri, inda ya koyar, ya kuma shugabanci asibitin koyarwa. Wato kafin ranar wuya ta zo, ya riga ya san gadon mara lafiya, ya san ɗakin bincike, ya san sha'anin tafiyar da ma'aikata. Tun ran gini, ran zane.

4. Shekarar 1996

Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta da 1996 ba. Tsakanin Janairu da Yuni na wannan shekara an rubuta mutum 109,580 da suka kamu da sanƙarau a Nijeriya, 11,717 daga cikinsu suka rasu. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙidaya, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba su ga asibiti ba. Jihohin Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. A lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, sai a watan Oktoba na shekarar aka raba su. A Kano kuwa kwalara da ƙyanda suka haɗu da sanƙarau a lokaci ɗaya. Saboda annobar, hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin hajji a wannan shekara. A faɗin Afirka, tsakanin 1996 da 1997, fiye da mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu.

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti na musamman, ta ɗora Farfesa Idris Mohammed a kansa. Suka yi aiki tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da ƙungiyar Red Cross, da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Aikin ya tsaya a kan duwatsu uku kamar murhu: yi wa waɗanda suka kamu magani, yi wa masu lafiya rigakafi, da wayar da kan jama'a. Aka buɗe wuraren jinya kusan a kowace ƙaramar hukuma ta jihohin da abin ya shafa. Allurar nan da aka gwada a Zariya ta yi aiki ƙwarai. Aka yi wa mutum fiye da miliyan 13 rigakafi. Duk da haka sai da aka yi fiye da wata uku kafin a shawo kan annobar.

Mu yi tunani a kan nauyin wanda ke shugabancin irin wannan aiki. Allurar da ke hannu ba ta isa kowa ba, to, wace jiha za a fara kai wa? Kowane mai mulki yana so a fara da nasa, ƙidaya kuwa tana nuna wani wuri dabam. Allurar rigakafi tana bukatar sanyi, ga zafin Afrilu, ga rashin wutar lantarki. Ma'aikata sun gaji, wasunsu suna tsoron kai wa iyalinsu cutar. Likitan da ya saba duba mutum ɗaya yanzu yana yanke shawarar da ta shafi miliyoyi, ba zai kuwa ga fuskar yawancinsu ba.

Bayan annobar ta wuce, shi da abokan aikinsa ba su nade tabarma ba. Suka tattara abin da suka gani suka buga a shekarar 2000. A cikin marasa lafiya 1,577 da aka kwantar a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, kashi 84 cikin 100 ba su wuce shekara 20 ba. Wato tsaranku ne da ƙannenku. Suka kuma yi gargaɗi cewa ana bukatar tsayayyen shiri na hana annoba tun kafin ta zo, maimakon a jira ta ɓarke a shiga guje-guje.

5. Ranar da Gaskiya Ta Yi Nauyi

A tsakiyar annobar wani abu ya faru a Asibitin Zana wanda ya kamata duk mai son zama likita ya sani. Kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya zo ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu, waɗansu kuma suka saura da nakasa. Farfesa Idris Mohammed ya nuna rashin amincewarsa da yadda aka tafiyar da gwajin, ya kai ƙorafi a rubuce ga ma'aikatar lafiya ta tarayya.

A 2001 gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Rahoton ya kwanta ba a fitar da shi ba, sai a 2006 wata jaridar Amurka, Washington Post, ta bayyana abin da ke ciki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya sami izinin hukuma da yardar iyaye da baki, ya ce kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Gwada sabon magani ba laifi ba ne. Da ba a gwada allurar Zariya ba, da ba a san amfaninta ba. Amma akwai ƙa'ida. Dole hukuma ta duba ta yarda, dole a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji cewa gwaji ne, dole kuma su san suna da ikon ƙi ba tare da an hana ɗansu magani ba. Talauci da firgita ba su rage wa mutum wannan haƙƙi ko kaɗan, gama shi ma cikin siffar Allah aka halicce shi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohin Arewa saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin, labarin Trovan kuwa yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Kano ba ta koma ba sai a 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka yi shekaru ana lallashi, sarakuna suka sa baki a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, limamai da fastoci suka yi wa mabiyansu magana, kafin yarda ta dawo. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yardar jama'a ita ce jarin likitan annoba. Idan ta zube, ba a kwashe ta da sauƙi.

6. Abin da Ya Biyo Baya

Wahalar 1996 ba ta tafi a banza ba. A 1997 hukumomin duniya suka kafa rumbun ajiyar allurar sanƙarau domin ƙasar da annoba ta faɗa wa ta samu da sauri. Amma tsohuwar allurar tana da rauni. Kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, ba ta kuma kawar da ƙwayar cutar daga maƙogwaro. A 2001 aka fara shirin samar da sabuwa domin Afirka, aka haɗa ta a Indiya a kan farashin da bai kai rabin dala ba, aka sa mata suna MenAfriVac. Aka fara amfani da ita a Burkina Faso, Mali da Nijar a Disamba 2010. A Nijeriya aka bi jihohin Arewa kashi-kashi daga 2011 zuwa 2014, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Irin ƙwayar cutar da ake kira A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusan ɓacewa daga yankin baki ɗaya.

Amma mai tsaro ba ya sauka daga ganuwa don an ci yaƙi ɗaya. A 2013 wani sabon nau'i na irin C ya ɓulla, a jiharmu ta Sakkwato aka fara ganinsa. A 2015 ya yi ɓarna a Nijar. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 aka sami mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, yawancinsu a Zamfara, Sakkwato da Katsina. Allurar A ba ta kare mutum daga C, allurar C kuwa ta yi ƙaranci a duniya a lokacin. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura wadda ke kariya daga iri biyar a lokaci ɗaya, wato A, C, W, X da Y. Daga gwajin jihar Bauchi zuwa wannan rana an yi fiye da shekara 40. Wani ya shuka, wani ya yi ban ruwa, wani ya girbe.

7. Hanyar Shiga Wannan Aiki

Ga ɗaliban da zuciyarsu ta karkata nan, hanyar tana da tsawo amma a buɗe take. Ana bukatar kyakkyawan sakamako a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan a ci JAMB da maki mai yawa. Karatun likita shekara 6 ne, akwai shi kuwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da mu, wadda aka kafa a 1975. Bayan haka akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Wanda yake son ƙwarewa zai ƙara waɗansu shekaru a ƙarƙashin manyan likitoci. Tun 2008 akwai kuma horo na musamman a Zariya da Ibadan domin masu bin sawun annoba a ƙauyuka da birane.

Kada wani ya ce ɗan ƙauye ba ya kaiwa. Likita na farko daga Arewacin Nijeriya, Dokta Barau Dikko, an haife shi a 1912, ya tashi a makarantar mishan ta Wusasa, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Wanda kuma bai sami gurbin likita ba, bai rasa wurin hidima ba. Akwai aikin jinya, unguwarzoma, ɗakin gwaje-gwaje, harhaɗa magunguna, da aikin lafiyar al'umma irin wanda ake koyarwa a Gwadabawa. Mutum miliyan 13 ɗin nan na 1996 ba farfesa ne ya yi musu allura ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Ba sai mun sami digiri ba kafin mu ɗauki kayan nan biyu. A ɗakunan kwananmu, mu bar tagogi a buɗe iska ta ratsa, kada mu haɗa gadaje, kada mu yi tarayya da kofi ko cokali, mu rufe baki in za mu yi tari. Shugabannin ɗakuna su sani cewa ɗalibin da ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a lokacin rani ba a barinsa sai gari ya waye. A tashi malamin da ke kula da ɗakin ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi ƙwayar zazzaɓi a ce a ga abin da hali zai yi, kada kuma a ɓoye don tsoron a rufe makaranta.

A gida da ikilisiya, idan masu rigakafi suka zo, mu fito da yaranmu, mu ƙarfafa maƙwabta su fito da nasu. Muna da ikon tambayar ko wace allura ce da abin da take karewa, ma'aikacin kirki kuwa zai amsa. Addu'a domin mara lafiya wajibi ce, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Luka da ya rubuta mana labarin Basamariye shi kansa likita ne, kamar yadda wasiƙar Kolosiyawa 4:14 ta nuna. Waɗanda cutar ta bari da kurumta kuma, kada mu mai da su abin ba'a, mu nema musu hanyar ci gaba da karatu.

A ƙarshe mu tuna cewa sanƙarau ba ya tambayar mutum ko coci yake zuwa ko masallaci. Waɗanda suka yaƙe shi a Zariya, Bauchi, Kano da Sakkwato, Musulmi ne da Kirista, 'yan ƙasa da baƙi, kafaɗa da kafaɗa. Mu ma haka ya kamata mu zauna da maƙwabtanmu.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Faɗi alamu biyar na sanƙarau ga babba, da uku ga jariri.
2. Me ya sa allura ɗaya da aka gwada a Zariya ta fi dacewa da ɗakin shan magani na ƙauye?
3. A Ezekiyel 33, mene ne alhakin mai tsaro, mene ne kuma alhakin waɗanda suka ji ƙaho? Su wane ne masu tsaro a makarantarmu?
4. Waɗanne sharuɗɗa ne ya kamata a cika kafin a gwada sabon magani a kan ɗan Adam?
5. Kai ne shugaban kwamiti, allurar da ke hannunka ta isa ƙaramar hukuma ɗaya kawai, biyu kuwa suna nema, ɗaya daga ciki garinku ne. Da me za ka yanke shawara?

Ubangiji ya tayar mana da likitoci da ma'aikatan lafiya daga cikin wannan makaranta, masu saurin hannu da tsoron Allah, waɗanda ba za su yi shiru ba a ranar da ya kamata su yi magana. Amin.